Karkataccen Hancin Seu Aderbal

In ka tambayi Seu Aderbal, wato Malam Aderbal a yarenmu, aikin da 'yarsa Gildete ke yi, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Tana zaune." Iyakar amsar ke nan. Shekara goma sha biyar tana ci da kanta, amma shi dai a wurinsa zama take yi gaban kwamfuta tana murza wani ɗan abu da hannu. Mu 'yan layin mun fi shi sanin aikin, don Gildete ba ta iya yin shiru. Sassaƙa take yi, sai dai ba da itace ko yumɓu ba. Cikin kwamfuta take ƙera abu ya fito da tsawo da faɗi da kauri, ta juya shi ta ga ƙeyarsa, ta kifa shi ta ga ƙasansa, sannan ta tura wa inji ya fitar da shi a zahiri.

Da haƙora ta fara. Tana gama makaranta a Recife wani mai haɗa haƙoran roba ya ɗauke ta, ta shekara uku ba abin da take ƙerawa sai turame da fiƙoƙi. A lokacin in kana mata magana ba idonka take kallo ba, bakinka take leƙe, har samari biyu suka gudu. Daga nan ta koma wurin masu sayar da gidajen da ba a gina ba tukuna. Fili ne fetal sai ciyawa da awaki, amma Gildete za ta tsayar maka da bene hawa ashirin a cikin kwamfuta, ta dasa itatuwa, ta sa wata mata tana jan ɗan kare, mutane su yi ta rububin sa hannu. Da wannan ya ishe ta sai ta shiga ƙera wa masu wasannin kwamfuta dodanni, wani mai hannu shida, wani mai kan kifi. Tsakanin dodo da dodo kuma likitoci kan aiko mata da hoton ƙoƙon kan wanda ya yi haɗari, ta ƙera marfin da za a toshe inda ƙashi ya fashe. Har tafin takalmi ta taɓa yi wa wata masana'anta.

Shi kuwa Aderbal bai taɓa zama ba, shi ya sa yake raina zaman. Mu nan garin Olinda in bikin karnabal na shekara-shekara ya zo, ƙattin mutum-mutumi ne ke fita rawa, kowanne tsawon mutum biyu, kuma kowanne akwai ɗan Adam a ƙarƙashinsa, ya ɗora gammo ya ɗauke shi a ka, yana leƙen hanya ta wata 'yar kafa a jikin rigar. Shekara arba'in da ɗaya Aderbal na cikin rigar nan. Ya ɗauki mutum-mutumin mawaƙa, ya ɗauki 'yan ƙwallo, ya ɗauki wata mai tuyar wainar rogo da ta rasu, ya hau tudu da su ya gangara da su cikin ranar da ke narkar da kwalta. Jama'a na ihu suna kiran sunan na sama. Na ƙasa kuwa ba wanda ya taɓa kiran sunansa, sai dai in ya taka ƙafar wani ya sha zagi.

Bara gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Ƙungiyar layinmu ta zauna ta yanke cewa bana Aderbal ne zai koma sama, a yi mutum-mutumi da kamanninsa, aka kuma ba Gildete aikin ƙera kan. Ranar da aka gaya mata, mace mai shekara talatin da takwas ta fito tsakiyar titi ba takalmi tana tsalle, ta rungumi mai sayar da ruwan kwakwa wanda ko gaisawa ba sa yi. Abu ɗaya tak take so: ranar Lahadin karnabal, in kan nan ya ɓullo daga kwana, layin nan kaf ya buɗe baki ya kira sunan ubanta.

Ta so ta zaunar da shi ta zagaye kansa da na'urar ɗaukar siffa. Ina!

"Ba mai haska min wuta a ido, 'yar nan. Ga hotuna nan, ki zaɓa."

Ya dire mata kwalin takalmi cike da hotuna. Ga na ranar aurensa, ga na baftismarta, ga na bakin teku, kuma a kowanne ya ɗan juya ya ba mai hoto gefen dama. Gildete ba ta kawo komai a ranta ba, ta kwashe ta shige ɗaki tana waƙa.

To, masu wannan sana'a suna da wata al'ada: ba mai ƙera fuska gaba ɗaya. Rabi ake yi, a kunna wani abu da suke kira madubi, duk abin da ka yi a dama kwamfuta ta kwafe shi a hagu. Haka take yi wa dodo, haka take yi wa mota, ko marfin ƙoƙon kai daga lafiyayyen gefen take kwafowa. Hannunta ya saba har ba ta sanin lokacin da take kunna shi. Kwana tara tana kan rabin fuskar ubanta, tana sa tamoji ɗaya bayan ɗaya, tana sumbatar gilashin kwamfutar in wani ya fita daidai. Wani inji a Recife ya fere kan daga farin soso irin na cikin kwalin firji, ta goge ta shafa fenti. Saura kwana shida karnabal aka kawo shi a bayan a-kori-kura, aka sauke a tsakar gida, aka yaye zani.

Aderbal ya zagaye shi sau uku, hannuwa a baya.

"Kai! Kai, kai, kai! Zenaide, fito ki ga abin da kika samu a ɓagas!"

Matarsa Dona Zenaide ta fito daga kicin riƙe da tukunyar dambun masara. Ta dubi kan daga sama har ƙasa.

"Wane ne wannan?"

"Mijinki mana."

"Mijina? Tabɗi! Wannan ai mai karanta labarai ne a talabijin. Da wannan na aura da tuni na yi ƙiba."

Maƙwabciyarsu Dona Cleonice, wadda ba a taɓa gayyata ba kuma ba ta taɓa fashin zuwa ba, ta leƙo ta katanga ta ce ita fa ta gane shi, Fadan nan ne da aka yi wa canjin coci saboda mata sun cika zuwa wurinsa ikirarin zunubi. Mai a-kori-kura ya ce a'a, ɗan takarar kansila ne, ya taɓa ganin fastarsa.

Gildete ta dubi kan, ta dubi ubanta. Ga hanci nan a fuskar tsohon ya nufi hagu abinsa, tun shekarar da ya zame a kan tudu da wani ƙaton mawaƙi a kansa. Ga fatar idon hagu ta sauko rabi. Ga wuya ya langaɓe wajen da gammo ya fi dannawa. Fuskar da ta buɗe ido ta gani a duniya, fuskar da take kallo kullum a kan kofin safe, ita ce ta bari madubi ya goge mata rabi. Kunya ta kama ta har kunnuwanta suka yi zafi.

"Baba, kuskure na yi. Zan gyara."

"Ki taɓa shi ki gani."

"Ba wanda zai gane ka fa."

"Ni na gane ni." Ya shafa kumatun soson, muryarsa ta yi ƙasa. "Shekara arba'in ina ɗaukar kyawawan mutane, Gildete. Sau ɗaya na samu na yi kyau, shi ne za ki ɓata? In kika sake karya min hanci, wallahi ba zan fito ba."

Maganar ta soke ta, don ta san ba wasa yake yi ba. Sai ta ce bari ta bai wa kan nan damar kare kansa. Washegari da safe ta jingine shi a ƙofar gida, ta zauna gefe da kofi, duk wanda ya zo wucewa ta tare shi. Mai kai wasiƙa ya ce ɗan dambe ne. Mai aski, wanda ya shekara talatin yana riƙe hancin Aderbal da yatsu biyu, ya tsaya ya yi nazari sosai ya ce shugaban ƙasar waje ne, sunan ne ya kwanta masa. Mutum goma sha bakwai ta tambaya, har da ƙanin Aderbal uwa ɗaya uba ɗaya, ba wanda ya ko kusanta.

Ta shiga kicin ta sami uwarta.

"Mama, in na bar shi haka, Baba zai tsaya a titi ya ji ana kiran sunan Fada."

"In kin gyara kuma zai kulle kansa a ɗaki."

"To ya zan yi?"

Dona Zenaide ta ajiye ludayi, idonta ya yi wani ƙyalli. "Ke dai je ki ɗauko na'urarki. Yau wake zan dafa da busasshen nama."

Ta dafa kuwa, ta cika masa kwano, ta ƙara, ta kuma ƙara. Ƙarfe biyu na rana Aderbal na cikin ragar lilo a baranda, ya kwanta a kan kyakkyawan gefen, ya bar wa duniya na hagun, yana munshari har kare ya canza wurin kwana. Dona Zenaide na masa fifita da murfin tukunya. Gildete na zagaye shi da sanɗa, na'ura a hannu, ta cusa gefen rigarta a baki don kada dariya ta ƙwace. Sau ɗaya ya buɗe idon hagu ya ce, "A hankali a kan tudun nan," ya koma barci. Uwa da 'ya suka ruga bayan gida suka zube a kan kwandon wanki suna dariya har hawaye.

Ta kashe madubi. Kwana biyu ta yi tana karkatar da hanci, tana sauke fatar ido, tana langaɓar da wuya, kuma ta ce tun da take aiki ba ta taɓa jin daɗin ɓata abu irin wannan ba. Inji ya fero sabon rabi, ta tsaga kan da zarto ta haɗa, a rumfar ƙungiya inda ake ɗinka rigar. Ranar Asabar Aderbal ya sa hularsa ya tafi rumfar don ya gaisa da kyakkyawan kansa. Ya tarar da karkataccen hancinsa, ya dawo ya shiga ɗaki ya ja ƙofa. Abincin rana ma a bakin ƙofar ya huce.

Lahadi da hantsi masu ƙaho suka fara busa daga gindin tudu. Ivanildo mai gyaran babur ne ya shiga ƙarƙashin rigar. Gildete na tafe a gaba da baya-da-baya, wai tana duba kan, alhali tsoron duban mutane take yi. In suka gane shi kuma bai fito ba, ta ɓata wa ubanta rai a banza. In ba su gane shi ba, gara ta koma wurin haƙora.

Kan ya ɓullo daga kwana, ya karkata hagu, ido ɗaya a lumshe, hanci na nuna gidan mai aski. Sai Dona Cleonice ta ƙwala ihu daga saman barandarta, har ta saki kofin da ke hannunta.

"Wayyo Allah, hancin nan! Aderbal ne! Jama'a, Aderbal ne!"

Shi ke nan, wuri ya kacame. Mai aski ya jefa hularsa sama bai sake ganinta ba. Tsofaffi na nunawa suna riƙe ciki, masu ƙaho suka kasa busa don dariya, masu ganga suka ɗauki sunan suka mai da shi kiɗa. A-der-bal! A-der-bal! Har waɗanda suka zo daga wasu unguwanni, da ba su san ko wane ne ba, suka kama. Gildete na tsalle tana kuka tana dariya, majina da kwalliya sun haɗe, ba ta damu ba. Ayarin ya zo daidai ƙofar gidansu ya tsaya cak.

Ƙofa a rufe. Aka ci gaba da kira, tagogi na girgiza, ƙofa dai a rufe. Murnar Gildete ta fara tsiyayewa. Ta je ta manna goshinta a jikin katakon ta ce, "Baba, kana ji? Kai suke kira."

Sakata ta yi ƙara. Ya fito da singileti da silifa, fuska a murtuke. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon abin da ke tsaye a kansa.

"Idon hagun ya sauka da yawa," in ji shi.

"Haka yake, Baba."

"Haka yake?"

Layi guda ya amsa masa: "Haka yake!"

Ya so ya ci gaba da fushi, abin ya gagara, dariya ta fashe masa tare da hawaye, yana share su da gefen singileti. Ganga ta tashi, Ivanildo ya fara juyi, hannuwan mutum-mutumin na shawagi a iska. Nan take fuskar tsohon ta canza.

"Kai, Ivanildo! Da ƙugu ake juya shi, ba da wuya ba! Za ka kayar da ni! Fito, fito ka gani!"

Ya duƙa da gwiwoyin nan nasa, ya kama gefen rigar ya ɗaga, har ya cusa kai ciki. Dona Zenaide ta cafke singiletinsa ta baya ta fizgo shi waje.

"Ina za ka? Shekara arba'in ina tsaye a titin nan ina tafa wa ƙafafunka. Yau a waje za ka tsaya, kusa da ni, inda kowa zai gan ka."