Takun Gefe a Gonar Wake

Shekarar da yajin aikin jami'a ya ƙi ƙarewa, na koma ƙauyenmu kusa da Tofa da jaka ɗaya da tsohuwar kalkuleta. Taki ya yi tsada, kananzir sai da layi. Da safe ina gona tare da Baba, da yamma ina gindin ɗorawa ina fama da aikin kammala digirina na lissafi.

Aikin shi ne auna saurin canjin abu a daidai wuri guda. Hanyar da na sani ita ce ka ƙara ɗan taku, ka ɗebe tsohuwar amsa daga sabuwa, ka raba da takun. An ce ƙanƙantar taku ita ce ingancin amsa. Amma da na ƙanƙanta shi sosai, sai amsoshin biyu su fito iri ɗaya, in ɗebe in ga sifili. Mako biyu ina zargin batirin kalkuletar.

Sai na ji malamin da ke duba aikina ya koma garinsu wajen Watari yana noman wake. Na hau keke. Na kusa wuce shi, don ban taɓa ganinsa ba takalmi ba.

Da na gama ƙorafi, ya yi dariya. "Buhun gero biyu ka ɗora a sikelin kasuwar Dawanau, kana neman bambancin ƙwaya ɗaya. Ina sikeli zai gani? Daina takawa gaba, taka gefe."

"Gefe ina, Malam?"

Ya tsinci kara ya rubuta harafin i a ƙasa, lambar nan da in ka ninka ta da kanta take ba da ɗaya ƙasa da sifili. Ya ce in liƙa ta jikin ɗan takun, in haɗa da lamba biyu a matsayin misali, in ninka jimlar da kanta har sau uku. Na durƙusa na yi. Amsa ta rabu gida biyu, mai i da marar i.

"Ɗauki mai i kawai, raba da takun."

Sha biyu ta fito, daidai da ta littafi, ban ɗebe komai ba. Ƙwayar tana nata aljihun, ba ta nutse cikin buhu ba. Na yi ihun da ya sa maƙwabcin gona ya taho da sanda, ya zaci maciji ne.

Malam ya miƙo min fartanya. "Tunda ka fahimta, ga kunya uku can, ka nome."

Na yi huɗu. Kafin a yi roron wake na gama aikin, jami'a kuwa sai bayan Babbar Salla aka buɗe.