Makullan Doña Zoila

Shekarata goma sha tara ina gadin ƙofar wani dogon bene a unguwar Brickell ta birnin Miami, kuma kullum kafin in ga Doña Zoila nake jin ta. Ƙarar makullanta ke riga ta shigowa.

Daga garinsu Guayaquil, can ƙasashen kudu, ta zo Miami da jaka ɗaya, ta baro ƙanwarta Narcisa tana sayar da miyar kifi a bakin kasuwa. Aikinta kula da gidajen da ba kowa a ciki. Attajiran ƙasashen kudu kan sayi gida a nan don tsoron abin da ka je ya zo a ƙasashensu, su yi sati biyu a shekara, su kulle su tafi. To, zafi da laimar garin nan ba sa raga wa rufaffen gida. Duk Talata sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe famfo, ta kora ruwa a bayi, ta duba na'urar sanyi, ta sansana kabad ko fumfuna ta fara.

Ba ta karanta jarida, amma ta fi dillalai sanin kasuwa. Da kuɗin Ajantina ya karye, makullanta suka ƙaru. Da Benezuwela ta rikice, sai da nauyinsu ya yaga mata aljihu.

"Wilfredo, yau wace ƙasa ce ta kama da wuta?" Gaisuwarta ke nan.

"Haba Doña, ungulu ma ta fi ki kunya."

"Ungulu ba ta taɓa kashe kowa ba, tsoho. Tararwa take yi."

Bayan annobar nan da ta kulle duniya sai mutanen New York suka kwararo, su kuwa zama suke yi a gidajensu, da karnukansu da komai. Mai kwana a gida me zai yi da mai buɗe famfo? Makulli talatin da ɗaya suka koma huɗu. Ga shekara sittin da uku, ga gwiwa ta ƙi. Ta daina ƙara idan tana tafiya, har takan zo gabana ban sani ba. Gaskiya na tsorata mata. Duk zuwan da ta yi sai ta leƙa labarai a wayata.

"Ko ɗan juyin mulki ne, Ubangiji," in ji ta, tana dariyar da ba ta kai ciki ba.

A watan Janairu, cikin sati guda, wata dillaliya ta danƙa mata sababbin makullai uku. Ranar Talata ɗaya daga cikin masu sababbin gidajen ya sauko da akwatinsa zai koma. Yana buɗe baki Doña Zoila ta ɗago kai, don ta ji karin harshen gida.

"Ranka ya daɗe, daga ina?"

"Guayaquil, uwata. Garin ya ƙi zaunuwa, harbi har cikin kasuwa. Mun saya ne ko da gudu zai kama mu."

Bai kai ga mota ba ta ciro waya. Ta kira Narcisa, ba a ɗauka ba. Ta sake kira. Na tura mata kujerata ta zauna, waya a kunne, sabon makulli a ɗaya hannun, ta damƙe shi har ya yi mata shati a tafi.

A kira na biyar ta dube ni.

"Wilfredo, ai ka san da wasa nake faɗa, ko?"

Na ce na sani. Wayar tana ta ƙara a can, ba wanda ya ɗauka.