Ranar da Goggo Qiulan Ta Buɗe Kabad ɗin Surukai

A'a, ku dakata! Duk mai cewa dutsen tawada kayan ado ne, a kulle shi a kabad ana kallo, bai san komai ba. Dutsen da bai sha ruwa ba, ba a goga masa sandar busasshiyar tawada ta narke a samu ta rubutu ba, ina amfaninsa?

Goggona Qiulan, ƙanwar babana, tun tana budurwa take sassaƙa duwatsun nan a unguwarmu da ke birnin Zhaoqing na ƙasar Sin. Gajeriya ce, hannunta kaushi, dariyarta har bakin kogi ake ji. Da 'yarta Pui-san za ta yi aure, ta zaɓi dutse mai launin hantar alade, wanda aka fi so, ta sassaƙa masa kifi biyu, ta shafe shi da kakin zuma kamar yadda ake wa sabon dutse, ta aika gidan ango. Burinta ɗaya: a yi rubutu da shi.

Ana gobe Sabuwar Shekara muka kai musu lemu. Me za mu gani? Dutsen na cikin kabad ɗin gilashi yana sheƙi, tsoho Tam, baban angon, yana shirin rubuta jar takardar fatan alheri da ake liƙawa a ƙofa, da tawadar kwalba!

Goggo ta dire lemun. "Baban ango, wa ya mutu ne ka binne min dutse?"

Ya ce, "Haba uwar amarya, girmama shi na yi. Na ma gwada sau ɗaya, sandar sai santsi take, ko baƙi bai fito ba."

"Da kakin a jikinsa? Kai da rigar ruwa kake wanka?"

Pui-san ta rufe fuska don kunya. Goggo ko a jikinta. Ta buɗe kabad ɗin mutane, ta shige kicin ta samo gawayi, ta jiƙa, ta hau dirzar dutsen. Tsoho Tam na binta a baya yana, "A hankali! Kifin! Za ki kashe min kifin!"

Sheƙin ya tafi. Ta ɗauraye, ta goge, ta miƙa masa. "Hura masa numfashi."

Ya hura, laima ta kwanta a kai. Ya ɗiga ruwa ya fara juya sandar, sai ga baƙi mai kauri, ƙanshi ya cika ɗakin. Tsohon nan ya fashe da dariya har da hawaye. Ya rubuta ta ƙofarsa, ya rubuta ta maƙwabta, har takarda ta ƙare, Goggo na gefe tana cin lemun da ta kawo tana kushe masa layi.

Amma fa har yau mamata na cewa rashin kunya ce, mace ta buɗe kabad ɗin surukai ba izini. Ni na ce daidai ta yi. Ku fa? Kar wanda ya karanta ya wuce sum-sum, ku fito ku faɗa!