Ranar da Muka Sauke Kaporal Isufu

Kun ce kuna tattara tarihin rundunarmu ta jiragen sama na dakon kaya, kuna son kowane tsoho ya ba da nasa. Na ga hotunan da kuka jera a bango: jiragen da muka yi aiki da su, hatsin da muka kai a shekarun yunwa, manyan da muka ɗauka. Duk gaskiya ne. Amma ranar da ni ban taɓa mantawa da ita ba, babu wanda ya ɗauki hotonta.

A lokacin ina ajudan, muƙamin da ke sama da sarjan, ƙasa da hafsoshi. Aikina kula da lodi. Duk abin da zai shiga cikin jirgi, mutum ko buhu, ni ke auna shi, in zaɓa masa wuri, in ɗaure. Jirgin kaya ba shi da kujeru irin na fasinja. Benci ne na tamfol a gefe da gefe, kaya a tsakiya, wanda ya zauna gwiwarsa na taɓa abin da aka ɗauko.

Wata Alhamis ce a cikin damina. Za mu tashi daga Yamai zuwa Maraɗi, cikin kayan har da gawar Kaporal Isufu, ɗan wani ƙauye a bayan Agiye. An harbe shi a arewa, mu muka kwaso shi zuwa asibiti, can ya cika. Iyayensa suka roƙi a kai musu shi gida, aka amince. Tun da safe buro, wato ofishinmu, ya buga musu waya cewa kafin azahar yana Maraɗi. Ni mutumin Gazawa ne, na san abin da wannan wayar ke nufi a wajenmu: an ajiye hauya, an ɗauki diga, an nufi maƙabarta.

Na ɗaure akwatin, na lulluɓe shi da tuta. Muna shirin rufe ƙofa sai ga motoci. Wata tawaga ce ta manya za ta taro, an ce mu rage musu hanya. Suna shigowa suka yi turus. Wani ya toshe hanci da hankici, alhali babu abin da ke tashi. Kolonel ɗin da ya rako su ya kira ni gefe, ya ce a sauke akwatin, akwai jirgi gobe.

Na ce masa nauyi bai yi yawa ba, wuri kuma akwai. Na ce zan mayar da shi can baya kusa da ƙofa, in ja tamfol, ba wanda zai gan shi.

"Mon kolonel, mutanen nan sun riga sun haƙa," na ce.

"Ajudan, na tambaye ka shawara ne?"

Matuƙin jirgin kapiten ne, mutumin kirki, amma ya duƙar da kai yana duba agogo. Muka kwance igiya, muka sauke Isufu, aka mayar da shi ɗakin sanyi. Duk tafiyar nan tsakiyar jirgin fayau take, manya sun miƙe ƙafafu suna hira. Raina ya ɓaci ƙwarai.

A Maraɗi tawaga ta shige motocinta. Mahaifin Isufu, Malam Nomau, yana tsaye a bakin shinge da ƙanensa da motar da suka ɗauko haya. Babu hafsan da ya nufe su. Aka ce ajudan ya je, tun da yarensa ne. Ka ji fa, a nan aka tuna ni ɗan ƙasar ne.

Na gaishe shi, na yi masa ta'aziyya, na ce sai gobe. Bai ɗaga murya ba. Ya ce mutane sun bar maimai, noman ciyawa na biyu, a gona, suna zaune ƙarƙashin gawo tun hantsi. Sannan ya juya ya shiga mota.

Washegari na nemi izinin raka gawar har ƙauye. A maƙabarta na ga wani tudu na ɗanyar ƙasa kusa da sabon ramin, na ɗauka wani aka rasa. Ƙanen Malam Nomau ya ce a'a, na jiya ne. A garinsu ba a barin kabari ya kwana da baki buɗe, don haka kafin magariba suka mayar da ƙasa. Ya ce tsohon bai yarda kowa ya fara ba, shi ya zuba ta farko da hannunsa, a kan ramin da babu kowa ciki. Uwar Isufu kuwa da ta ji an dawo daga maƙabarta, ta ɗauka an rufe ɗanta ba a bari ta yi masa addu'a ba.

Bayan an yi sallah an rufe shi, Malam Nomau ya riƙe hannuna.

"Ɗana, jirgin naku cika ya yi jiya?"

Na ce, "A'a, Baba, bai cika ba."

Ya jinjina kai. "Da kuka kai shi arewa, ban ji an ce ya jira gobe ba."

Ya saki hannuna, ya koma wajen masu ta'aziyya.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan. Mun iya auna komai, mai da iska da buhu, ba mu kuskure. Amma soja yana da wuri a jirginmu ne muddin ana bukatar ƙafarsa. Ku da kuka gaje mu, in aka ce ku buga wa iyaye waya, kada ku buga sai ƙofar jirgi ta rufe da ɗansu a ciki. In kuma kuna neman inda za ku sa wannan a tarihinku, a bayan Agiye akwai kaburbura biyu gefe da gefe. Ɗaya na Isufu ne. Ɗayan namu ne.