Kilarinet ɗin Auta da Gwajin Mai Gyaran Famfo

Shekara talatin da ɗaya yana gyaran famfo, gwiwoyinsa duk sun ƙare a durƙuso ƙarƙashin wurin wanke-wanken mutane. A layinsu Sifana ake ce masa, don ba a taɓa ganin aljihunsa na baya babu ita ba. In ya gama aiki ba ya cewa ya gyaru. Buɗe famfon yake ya ja gefe, mai gida ya gani da idonsa.

'Ya'yansa huɗu, uku sun kama gabansu. Auta ce ta rage, ita ce kuma ta kinkimo abin da babu wanda ya taɓa yi a dangi: busa kilarinet, wani baƙin abin busa mai tsawon hannu, jikinsa duk maɓallan ƙarfe. A makaranta ta fara, da wani na roba da ya sayo mata na hannu. Shekarar farko maƙwabta sun sha wuya. A ta huɗu kuwa, matar da ke saman bene har taga take buɗewa in Auta ta fara.

Rannan malamar kiɗan Auta ta tare shi a bakin ƙofa. Ta ce nan da mako shida za a yi gwajin shiga ƙungiyar makaɗan matasa ta gari, gurbi biyu ne kacal, kuma yarinyar ta fi ƙarfin na roba. Sai na katako.

Ya shiga lissafi. Akwai ɗan abin da yake tarawa don ya canja babur ɗinsa, wanda sai an tura yake tashi. Ya san kuɗin ba za su wuce saye ɗaya ba. In aka yi zaɓen banza, babu na gyara kuskure, gurbin kuma ya wuce Auta.

Ranar Asabar suka shiga shagon kayan busa na hannu. Mai shago, wani mai tumbi da daɗin baki, ya buɗe musu akwatin wani kilarinet. Abu sai ƙyalli yake. Idon Auta ya kafe a kai.

"Baba, wannan! Don Allah wannan!"

Ta haɗa shi ta busa. Sama-sama ya yi daɗi, da ta sauko ƙasa sai ya yi ƙiii kamar tsohuwar ƙofa.

"Bai saba da bakinta ba ne," in ji mai shago. "Kwana biyu zai ware."

Sifana ya sha jin irin wannan magana a bakin masu sayar da bututu. Ya karɓi abin, ya zare rabinsa na sama, ya ce wa Auta ta toshe ramukan da yatsunta. Ya danne gindin da tafin hannu, ya kafa baki a ɗaya gefen ya zuƙa. Iska ta shigo masa salin-alin.

"Yana yoyo."

"Haba yallaɓai! Wannan fa ba bututun banɗaki ba ne!"

"Dogon rami ne da ake so abu ya bi ta ciki kada ya zurare. Me ya raba su?"

"Wayyo Baba, ana kallonmu," in ji Auta, kamar ta nutse.

"Su kalla. Miƙo na gaba."

Haka ya bi guda shida yana zuƙa, huɗu suka faɗi, biyun da suka tsira kuma sun fi ƙarfin aljihunsa. Can ya hango wani akwati a ƙasan kanta, hannunsa a tsinke, an ɗaure da igiya. Maɓallan na ciki duk sun dushe. Ya haska cikinsa da 'yar tocilar aikinsa, babu tsaga. Ya zuƙa. Leɓensa ya manne, sai da ya fizge da ƙarfi, ji kake ɓas! Ya gwada rabin ƙasa, shi ma haka.

Auta ta yatsina fuska. "Baba, wannan ai ya girme ni."

"Ni ma na girme ki, kuma ina aiki. Iyakar sanina yoyo, wannan ba ya yi. Sauran naki ne. In bai yi miki ba, mu ƙara gaba."

Ta ɗauka ba da son ranta ba. Ta fara daga can ƙasa, inda na farko ya kunyata ta. Sautin ya fito da kauri, da ɗumi, har Sifana ya ji shi a ƙirji. Ta hau sama ta dawo, ta sake hawa, ta manta da mutanen da ke shagon. Da ta sauke, dariya take, hawaye na zuba.

Mai shago ya sosa ƙeya. "Yallaɓai, ko za ka zuƙa mini sauran da ke ciki?"

"Wannan kuma aiki ne, sai mu yi ciniki."

Aka yi cinikin kuwa. Ya zuƙi goma sha ɗaya, aka sassauta masa farashi, aka ƙara wa Auta sabon akwati.

Mako shida gidan bai huta ba. Ranar gwaji ya zauna a benci a baranda da kayan aikinsa, don daga aiki a wani gida ya taho, wandonsa jiƙe har gwiwa. Yara goma sha huɗu suka shiga ɗaya bayan ɗaya. Ta bayan ƙofa duk busar iri ɗaya ce a kunnensa, bai ma gane wacce ce ta 'yarsa ba, abin ya ɗan ba shi haushi.

Da aka manna takardar sakamako a bango Auta ta kutsa, ta dawo a guje ta faɗa jikinsa, saura kaɗan bencin ya kife da su.

"Na biyu, Baba! Sun ɗauke ni! Atisaye Talata da Alhamis, a can ƙarshen gari, kai za ka riƙa kai ni!"

"A wannan babur ɗin? To ki shirya turi."

"Zan tura!"

Ya juya yana gyara zaman jakarsa, ya daɗe yana gyarawa, sannan ya goge fuska da hannun riga.

"Ƙarfe nawa ake farawa?"