Tafarnuwar Ginka

A unguwarmu ta bayan garin Karlovo babu wanda bai san gidan nan mai shuɗiyar ƙofa ba, inda tsofaffi biyu suke kwana suna tashi da tsiya. Gidan na Velichka ne. Ginka kuwa zaman alfarma take yi, tun shekarar da aka sayar da gidajen ma'aikatan masaƙa aka ce kowa ya kama gabansa. A masaƙar nan suka ƙare ƙuruciyarsu tare. Ranar da Velichka ta tarar da ita zaune kan akwatinta a bakin titi, ko jaje ba ta yi mata ba. Cewa ta yi, "Tashi mana, kin zauna kamar kayan gwanjo. Akwai ɗaki a ƙasa, ɓeraye ne kawai a ciki, su ma za su yi haƙuri da ke."

Ko sisi ba a taɓa karɓa a hannun Ginka ba. Ita ma ba ta naɗe hannu ba, lambun bayan gida ita ce uwa ita ce uba. Da kaka ta gasa tattasai ta cika kwalabe, ta dasa tafarnuwa kafin ƙanƙara ta sauko, sai zafi ya dawo a tona. Hankalinta kwance yake, don ta yi rajistar sunanta a ƙaramar hukuma cewa nan take zaune, ita a ganinta magana ta ƙare.

Sai ciwon zuciya ya kwantar da Velichka. Ɗanta Tsanko ya zo dubiya daga Jamus, Ginka ta ji shi a waya yana cewa in ta Allah ta kasance sayar da gidan zai yi. Ba mugu ba ne, shi ma nauyi ya yi masa yawa. Ginka ta lallaɓa wajen wata lauya, 'yar maƙwabtansu. Lauyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Gwaggo, rajistar nan adireshi ne kawai. A doka ke baƙuwa ce. Duk wanda ya gaji gidan, in ya ce ki fita, kotu ba za ta hana shi ba."

Baƙuwa, a gidan da ta san kukan kowace ƙofa! Tsoro ya kama ta sosai, amma ta ja bakinta ta yi shiru, kada a ce mutuwar ƙawarta take jira. Da kaka ta zo, Ginka ta bar kunyoyin tafarnuwa babu shuka. Wa zai dasa abin da ba zai ga tonansa ba?

Velichka dai ciwo bai taɓa mata ido ba. Daga taga ta ce, "Ke Ginka, ina tafarnuwata?"

"Bayana ke ciwo."

"Bayanki? Jiya na gan ki da buhun dankali kamar jaka. Ƙarya ba ta yi miki kyau, dama fuskar sai a hankali."

Sai hawaye suka zubo wa Ginka. Velichka ta dube ta ta dubi lambun. "Au, ashe har kin binne ni kin ɗaure kaya."

A ranar ta kira ɗanta ta ce, "Gida naka ne, amma Ginka tana ciki har ƙarshen ranta. In ka ga dama ka sayar, wanda ya saya da tsohuwa zai saya." Tsanko ya yi ta gunaguni, can ya ce, "To, Mama." Ta dogara sanda suka je wurin lauyan da ke buga hatimin takardun gidaje, aka rubuta wa Ginka haƙƙin zama na tsawon rai. Ginka ta buɗe baki za ta yi godiya, Velichka ta ce, "Rufe mini baki. Don tafarnuwa na yi."

A makare aka dasa, ƙasa ta riga ta yi tauri. Velichka ba ta ga tonon ba, ta rasu sanyi bai wuce ba.

Ginka tana nan a ɗakinta na ƙasa. Ka tambaye ta, za ta ce maka uwa ce ta haife ta, amma Velichka ce ta ba ta inda za ta mutu da mutuncinta, kuma godiyar da aka hana ta yi kullum sai ta yi. Duk shekara tana kitsa tafarnuwa, mafi girma ta aika wa Tsanko. In tana tono kuwa, har yanzu sai ta ɗaga kai wajen tagar nan, tana jira a ce mata 'ya'yan tafarnuwar sun yi ƙanana.