Ranar da Alhaji Ya Kawo Fayilolinsa Shagonmu

Shekarar da soja suka miƙa mulki, ina aiki a wani shagon buga takardu a Fagge, bayan Titin Ibrahim Taiwo. Ban gama sakandare ba. Duk malamin da ya koyar da ni sai ya ce kamar da ƙusa a bencina. Inna ta kai ni wajen malamai, na sha rubutu har na gaji, an yi min hayaƙi, wasu suka ce iska ce. Ba abin da ya canza. Ko a zaman tahiya ƙafata rawa take.

Amma lokacin kamfen ni ne ɗan gaban goshin maigida. 'Yan siyasa za su zo da safe su ce fosta suke so kafin la'asar, kowa yana ihu, inji yana ƙara, janareta yana ƙara, ni kuwa a nan kaina yake zama daidai. In haɗa kala, in saita farantin bugu a inji, in yanka, abinci ma sai an tuna min.

Da aka gama rantsar da mutane, kasuwa ta lafa. Aiki ya koma katin biki da kalanda. Sai in fara ninke takarda, in jiyo gardamar ƙwallo wajen mai shayi, in ce bari in leƙa, sai dai in farga ina Kwaciri wajen abokina mai gyaran babur. Ranar da na bar tawada ta bushe a kan rolar inji, maigida bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Ya nuna min tarin shafukan mujallar wata makaranta, ya ce a jera, a ninke, a ɗinke kafin Juma'a mai zuwa. In na gama ina nan, in ban gama ba in nemi wani wuri. Tun rasuwar Baba kuwa da aikin nan ake ɗora tukunya a gidanmu.

Akwai wata mata a shagon lokacin, ta zo karɓar katin bikin 'yarta. Ibo ce haifaffiyar Sabon Gari, Hausarta ta fi tawa, a asibiti take aiki ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa. Madam muke ce mata. Ta tambayi maigida ko lokacin fosta ma haka nake. Ya ce ina, lokacin ai aikin mutum uku nake yi. Sai ta biyo ni waje ta ce in zo ranar Asabar da hantsi, wani ɗaki a saman kemis a Sabon Gari.

Na ce, "Madam, ni fa ba mahaukaci ba ne."

Ta yi dariya ta ce, "Waɗanda za ka tarar ma haka. Ka dai sa wankakkiyar riga."

Na hau benen ina zaton zan ga irina. Sai na ga ma'aikacin banki da nakatai, da wata malamar makaranta, da injiniya yana ta murza makullin mota. Ga wani dattijo cikin babbar riga, farin gemu, carbi a hannu, yana kai da kawowa daga bango zuwa bango. Daga baya na ji ɗan gidan malamai ne daga Zariya, babba ne a wata ma'aikatar gwamnati. Na durƙusa na gaishe shi, na zauna a ƙasa na danne gwiwata da hannu yadda na saba a gaban manya.

Ya tsaya a kaina ya ce, "Tashi, ɗana. Nan ba a zaman dole. Ni ma na danne gwiwar nan tun ina ƙarami, ban ga abin da hakan ya tsinana min ba."

Wallahi duk rayuwata ba babban da ya taɓa ce min in tashi.

Kowa ya faɗi nasa. Na banki ya ce ya taɓa mance ɗansa a makaranta har magariba. Malama ta ce takardun jarrabawa sai su yi wata a jakarta. Alhaji, wato dattijon nan, ya ce yana yaro ya riga kowa hadda, don cikin taro ake karatu, da ƙarfi, ana jijjiga jiki. Amma a rufe shi a ofis shi kaɗai da fayil, sai ya yini a shafin farko. Zamanin soja umarni yana zuwa da tsawa, sai ya gama a take. Yanzu farar hula sun zo da kwamiti da doguwar mitin, fayiloli sun kai masa wuya. Ina jin su baki buɗe, kamar labarina suke karantawa.

Madam ta faɗi sunan abin da Turanci, ADHD. Ta ce ba iska ba ce, ba lalaci ba ne, wasu kawuna ne ba sa kamawa sai da gaggawa ko da mutum a kusa. Mai buƙatar magani likita zai gani, ita dabarun aiki take koyarwa. Dabarar ranar ita ce a yi aiki mutum biyu wuri ɗaya, kowa da nasa, ba hira, wanda ya ga ɗan'uwansa ya shagala ya dawo da shi. Ta haɗa mu bibbiyu. Ni sai na faɗa wajen Alhaji. Na ɗauka a ɗakin maganar za ta ƙare.

Ranar Litinin sai ga farar Fijo ta tsaya a ƙofar shago. Alhaji ya fito, direba na biye da tarin fayiloli. Maigida ya ruga yana ranka ya daɗe, ya zaci kwangila ce. Alhaji ya ce tebur kawai yake so da benci, wajen yaron nan ya zo. Maigida ya kalle ni, ya kalli motar, ya je ya goge benci da hularsa.

Muka zauna fuska da fuska. Ina ninkewa, yana sa hannu. Duk lokacin da na miƙe na nufi ƙofa, ba ya ko ɗaga kai, sai ya ƙwanƙwasa tebur da carbi, in dawo. Wannan ba wuya, babba ne ya kira yaro.

Wuyar ta zo bayan azahar. Ya hango tsohuwar kalanda mai hoton ganuwa a bango, ya ajiye biro, ya fara bai wa maigida tarihin ganuwar Zazzau. Labari ya yi daɗi, har mai shayi ya leƙo. Ni kuwa na san abin da Madam ta ce, amma ta ina ɗan Fagge zai katse dattijo yana magana? Na yi gyaran murya, bai ji ba. Na matsa masa biro kusa da hannu, bai gani ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, fayil."

Maigida ya zaro ido kamar zai haɗiye ni. Alhaji ya dube ni, ya dubi tarin da ke gabansa, ya ce, "Gaskiyarka, abokin aiki." Ya ɗauki bironsa.

Haka ya riƙa zuwa kullum na ɗan lokaci, ya koma ofis da abin da ya gama. Ranar Alhamis kafin la'asar na ɗinke mujalla ta ƙarshe. Maigida ya zazzaro wasu daga tsakiya ya duba, bai ga shafi a juye ba. Bai yabe ni ba. Ya miƙo min makullin shago ya ce gobe in buɗe da wuri, akwai katin biki. Sannan ya ce kada kowa ya ɗora kaya a kan bencin nan, na Alhaji ne.